Daga akwatin gwangwani zuwa teburin mai shayi: Abin da Turawan Ingila suka ci a Yola da abin da suka bari

Baƙon da ya sauka a filin jirgin saman Yola, idan ya yi haƙuri ya wuce manyan otal-otal na Jimeta ya gangara wajen Kogin Binuwai, zai iske kansa a Rumde, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa. Da sassafe, kafin zafin garin ya taso, karin kumallo iri biyu ne ke gogayya a bakin titi. A gefe guda ga mace da roba cike da kunun gyaɗa, kusa da ita kaskon ƙosai yana tafasa. A ɗaya gefen kuma ga teburin mai shayi, an jera gwangwanayen madara da na Bournvita kamar ginin bulo, ga kwalin Lipton, ga burodi, ga kiret ɗin ƙwai.

Masu zama a bencin mai shayi ba su ɗauki abin da suke sha a matsayin baƙon abinci ba, kuma da gaskiyarsu, domin ya daɗe da zama ɗan gida. Amma duk abin da ke kan teburin nan, in ban da ƙwai da ruwan zafi, yana da tarihin shigowa, kuma mafi yawansa ta wannan kogi da ke bayan unguwar ya fara iso wa. Turawan Ingila ne suka kawo shi domin cikinsu, saboda ba su yarda da abin da ke cikin robar matar can ba.

A ƙasar Birtaniya an daɗe ana muhawara, rabi wasa rabi gaske, a kan ɗabi'ar mutanensu idan sun fita waje: me ya sa mutum zai biya kuɗin jirgi ya tafi ƙasar wasu, sannan ya ɓata kwanakinsa yana neman irin abincin da ya baro a gida? A Yola wannan tambaya ta girmi jirgin sama. An shafe kusan shekara 60 ana amsa ta kullum a madafar gidajen bariki, kuma amsar ta bar alama a kasuwa da harshe da ma kasafin kuɗin ƙasa.

Sunan unguwar kansa ya taɓo batun. A Fulfulde, rumde shi ne abin da Bahaushe ke kira rinji, wato ƙauyen noma da a zamanin da ake zaunar da bayi domin su noma abincin masu gari. Rumde ta yau unguwa ce ta kowa da kowa, Fulani da Hausawa da Bata da sauran ƙabilun Adamawa da baƙi daga nesa, amma sunan yana tuna mana cewa tun kafin zuwan Nasara, tambayar wa ke noma da wa ke ci tambaya ce ta iko.

Kogin da ke kawo kaya sau ɗaya a shekara

Bature na farko da ya bar mana labarin Yola a rubuce shi ne Heinrich Barth, Bajamushe da ke tafiya da kuɗin gwamnatin Birtaniya. Ya iso a watan Yunin 1851, shekara goma kacal bayan Modibbo Adama ya kafa garin, kuma Lamiɗo Lawal bai bar shi ya wuce 'yan kwanaki ba. Barth ba shi da jirgin da zai biyo shi da guzuri. Abin da mutanen hanya ke ci shi yake ci, shi ya sa ya lura da abin da wanda ya ƙoshi da biskit ba zai lura da shi ba: ya rubuta cewa gyaɗa a Adamawa tana riƙe da matsayin da dankali ke riƙe da shi a Turai. Wanda ya san kunun gyaɗar Yola ba zai yi masa gardama ba.

Bayan shekara uku, a 1854, William Baikie ya hau Binuwai da jirgin tururi mai suna Pleiad, ya koma ba tare da zazzaɓi ya kashe masa mutum ko ɗaya ba, saboda kwinin da ya sa mutanensa sha. Wannan ne ya buɗe kogin. Kamfanin Neja, wanda ya samu izinin Masarautar Birtaniya a 1886, ya riƙa ciniki a Yola daga cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a kan ruwa, domin Lamiɗo bai sakar masa ƙasa yadda yake so ba. Ranar 2 ga Satumba, 1901, sojoji ƙarƙashin Kanar Morland suka afka wa Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice, aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu. Daga nan Jimeta, wadda ke bakin ruwa, ta fara girma a matsayin tashar jirage da mazaunin kantunan kamfanoni da ofisoshin gwamnati.

Zaɓen watan Satumba ba katari ba ne. Binuwai kogi ne mai lokaci. Manyan jirage ba sa iya kaiwa Yola sai ruwa ya cika a tsakiyar damina, kuma bayan 'yan watanni sai yashi ya sake fitowa. A cikin wannan ɗan taƙin ne ake sauke kayan shekara guda: gishiri da atamfa da kananzir na kasuwa, da kuma akwatunan abincin Turawa. Jirgin ya juya da gyaɗa da fatu da ƙaro. Wanda lissafinsa ya kuskure, sukarinsa ko fulawarsa ta ƙare a watan Maris, to sai dai ya roƙi maƙwabci ko ya jira 'yan dako daga nesa.

Jami'in da aka tura Arewa a farkon ƙarni na 20 yakan je manyan shagunan Landan kafin ya taso, a shirya masa abincin zangon aikinsa baki ɗaya, wanda kan kai shekara guda ko fiye. Ana zuba kayan a akwatunan katako, kowanne daidai nauyin da ɗan dako zai ɗauka a ka, kimanin kilo 25. A ciki akwai naman gwangwani, kifin gwangwani, madara, man shanu, ganyen shayi, biskit, garin kwastad da kwalaben miya mai tsami. A dubi wannan jeri da kyau. Mutum ya zo ƙasar Fombina, inda garken shanu ke wucewa ta bayan gidansa, inda Bafulatana ke kawo kosam da man shanu sabo kowace safiya, inda masunta ke fito da giwan ruwa da ƙarfasa da tarwaɗa, amma ya ɗauko madara da man shanu da kifi a gwangwani daga nisan dubban kilomita. Man ma kafin ya iso zafi ya narkar da shi ya zama ruwa.

Ba za a ce duka girman kai ba ne. Tsoro na ciki, kuma tsoron yana da tushe. Zazzaɓin cizon sauro da atuni da zazzaɓin baƙin fitsari sun kashe Turawa da yawa a waɗannan shekaru. Likitocinsu sun umarce su da su tafasa ruwa su tace, su tafasa madara, su wanke ganye da wani jan magani, su haɗiyi kwinin kullum. Dokar garuruwa ta 1917 ta zamanin Lugga ta tanadi a bar fili na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. An ce saboda sauro ne. Sai dai tazarar da aka auna da sunan lafiya ta yi wani aikin daban, domin mutumin da ba ya kwana kusa da kai, ba ya cin tuwonka, da wuya ya san abin da ke damunka. Gwangwani ya zama katanga ta biyu bayan filin.

Kuku ne ya huda katangar

Katangar ba ta taɓa toshewa gaba ɗaya ba, kuma wanda ya huda ta shi ne kuku. Ba mu da sunayen mafi yawansu a takardun gwamnati, amma su ne ke zuwa kasuwa kowace safiya da 'yan kuɗin cefane, su dawo da kaza da albasa da kuɓewa da tattasai da gyaɗa. Su ne suka koyi gasa burodi a murhun laka ko a tukunyar da aka lulluɓe da garwashi, suna tayar da ƙullin da tsimin da suka haɗa da kansu idan yis ya ƙare. Tsoffin jami'an mulkin mallaka sun yi ta ƙorafi a rubuce-rubucensu cewa kaza ce kullum, da kwastad a bayanta, amma wannan kazar daga gidajen unguwanni irin su Rumde take fitowa, ba daga Liverpool ba.

Matan Turawa ƙalilan da suka fara zuwa Arewa sun gane cewa rayuwa a kan gwangwani kaɗai tana lalata jiki da aljihu. Constance Larymore, matar wani Razdan, ta fitar da littafi a 1908 wanda wani ɓangarensa shawarwari ne kan lambu da kiwon kaji da shanu da tafiyar da gida. A 1910 kuma aka buga wani ɗan littafin girki a Zungeru mai suna Practical West African Cookery, aikin Sylvia Leith-Ross da Geneviève Ruxton, wadda mijinta ya yi Razdan a Lardin Muri, maƙwabcin Yola. Manufarsa ita ce nuna wa Bature yadda zai ci da kyau daga abin da kasuwar ƙasar ke da shi. Ba abin mamaki ba ne a ce Leith-Ross ɗin nan ce daga baya ta rubuta littafin nahawun Fulfulde. Mai son sanin abin da ke cikin tukunyar mutane yakan ƙare da son sanin abin da ke bakinsu.

Akwai ma wadda za a iya kira 'yar yawon buɗe ido ta farko daga Birtaniya a wannan yanki. Olive MacLeod ta hau Binuwai a 1910, ta bi ta Yola zuwa Garwa, a kan hanyarta ta ziyarar kabarin saurayinta Boyd Alexander da aka kashe a yankin Chadi. Tafiya irin wannan ta watanni ba ta yiwuwa da akwati kaɗai, dole sai an dogara da kaji da ƙwai da hatsin garuruwan da ake yada zango.

Daga haɗuwar kuku da uwar ɗaki aka samu abinci na uku, wanda ba na Ingila ba ne, ba kuma na gari ba. Mafi shahara shi ne miyar gyaɗa ta ranar Lahadi. Asalinta miyarmu ce, amma a teburin bariki sai aka zuba ta a kan shinkafa da kaza da dafaffen ƙwai, aka kewaye ta da ƙananan faranti na yankakkiyar ayaba da lemo da soyayyar albasa da kwakwa da barkono, irin yadda Turawan Indiya ke yi wa kori. Ana ci a ƙoshi, a kwanta har la'asar. Da yawa daga cikinsu, bayan sun yi ritaya sun koma garuruwansu masu sanyi, wannan miyar ce suka riƙa kewa, har ta shiga littattafan girkin Ingila. Wato sun yarda da gyaɗar, bayan an sa mata kwat.

Abin da ba su yarda da shi ba shi ne tuwo. Nyiiri da haako, wato tuwo da miyar ganye na gidan Bafulatani, ko tuwon dawa da miyar kuka, sun tsaya a ɗakin boyi. Dalilin bai tsaya ga ɗanɗano ba. Tuwo abinci ne na zama a tabarma, a wanke hannu, a sa a kwano ɗaya. Jami'in da ya yi haka ya sauko daga matsayin da tsarin mulkin ya ɗora shi, kuma 'yan'uwansa a kulob za su yi ta tsegumi cewa ya fara zama ɗan ƙasa.

Wa ya biya kuɗin ƙwan rangadi?

A wajen rangadi ne lamarin ya fi shafar talaka. Di'o kan yi makonni yana zagaya gundumomi a kan doki, 'yan dako na biye da gadonsa da bahonsa da akwatunan abinci. Duk inda ya sauka, hakimi ko dagaci kan aiko da gaisuwa: rago ko kaji, ƙwai, madara, itace, ruwa, da dawar dawaki. A ƙa'ida an ce jami'i ya biya kuɗin duk abin da aka kawo, ko ya mayar da tukwici daidai da shi. Amma kuɗin yakan shiga hannun wanda ya miƙa kayan ne, ba lallai ya kai ga tsohuwar da aka kama wa kaza ba. Ga kuma ayarin masinja da 'yan doka da 'yan dako, waɗanda su ma sai sun ci, kuma babu mai rubuta nasu lissafin.

Saboda haka idan aka ce Bature ya ci abincin gari a rangadi, sai a tambaya ta wace hanya. Akwai bambanci tsakanin wanda ya sayi abinci a kasuwa da wanda aka tara masa. Wannan bambanci bai mutu da mulkin mallaka ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa raka babban baƙo zuwa ƙaramar hukuma ya san yadda kuloli ke fitowa daga inda ba a sani ba, kuma ba a cika tambayar aljihun da ya yi ciwo ba.

A yi adalci, cikin jami'an akwai waɗanda rangadi ya mayar da su ɗalibai. Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin Di'o a Adamawa a shekarun 1950, ya fitar da littafin tarihin lardin a 1958, daga baya kuma ya tattara karin maganar Hausa ya koyar a Zariya da Oxford. Irin wannan sani ba a samunsa daga barandar gidan saukar baƙi.

Yaƙi ya yi abin da nasiha ta kasa

Abin da littattafan girki suka yi ta roƙo, Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tilasta shi. Daga 1939 jiragen ruwa suka koma ɗaukar sojoji da makamai, jiragen yaƙin Jamus na ƙarƙashin teku suna nutsar da na kaya, gwangwani ya yi wuya. Sai gwamnati ta waiwayi abin da ke gabanta. Cibiyar kula da lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ta shiga sarrafa man shanu da cuku daga madarar Fulani. Noman dankali ya bunƙasa a tsaunukan Jos domin ciyar da sojoji da ma'aikata. A cikin 'yan shekaru aka tabbatar da cewa ƙasar za ta iya samar da yawancin abin da ake ɗaukowa daga Turai.

Da aka gama yaƙi sai aka koma gidan jiya, har ma da ƙari. Kamfanin UAC, wanda aka kafa a 1929 ya gaji harkokin Kamfanin Neja, ya buɗe kantin Kingsway a Legas a 1948, rassa suka biyo baya a manyan birane. Firji mai aiki da kananzir ya shiga gidajen bariki. Sabon abin da ya faru shi ne masu sayen kayan sun canja. Akawu da malamin makaranta da ɗan sanda da tsohon soja da ya dawo daga Bama sun ɗanɗani shayi da madara da burodi, kuma sun ga cewa abincin manya ne. Kukun da ya bar aikin Bature ya buɗe gidan burodi. Kalmar kanti kanta daga bakin Turawa muka karɓe ta, haka kuku da boyi da biskit da kabeji da karas da latas. Dankalin da suka kawo kuwa har yau sunansu yake ɗauke da shi: dankalin Turawa.

Wanda ke shakkar cewa mulki ne ya tsara karin kumallo, ya bi kogin zuwa Garwa a Kamaru. Mutane iri ɗaya ne, harshe ɗaya, tsohuwar masarauta ɗaya kafin Turawa su raba ta. Amma can dogon burodin Faransa mai ƙarfin ɓawo ake ci da safe, nan kuwa mai laushi mai kusurwa huɗu irin na Ingila.

Daga Benidorm zuwa Heathrow

A yau ba a cika ganin ɗan Birtaniya a Jimeta ba. Ma'aikatar harkokin wajensu ta daɗe tana gargaɗin 'yan ƙasarta game da zuwa Adamawa saboda rikicin Boko Haram, duk da cewa jihar na da Sukur, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, ga kuma gandun dajin Gashaka Gumti da ta raba da Taraba. Baƙin da ake gani yanzu galibi malaman Jami'ar Amurka ta Najeriya ne, wadda ta fara karatu a 2005, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Su ma sun kasu biyu kamar na da. Akwai mai cika jaka da cuku da kofi duk lokacin da ya je Abuja, akwai kuma wanda cikin wata guda ya san mai tsiren da ya fi iya yaji.

Ɗabi'ar ta koma wasu wurare. A garuruwan shaƙatawa na bakin teku a Sifaniya, irin su Benidorm, akwai layuka na gidajen abinci da ba sa sayar da komai sai karin kumallon Ingila da soyayyen kifi da dankali, ga shagunan da ke kawo Marmite da waken gwangwani na Heinz domin dubban 'yan Birtaniya da suka yi ritaya a can. Bayan ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai, a watan Janairun 2021, jami'an kwastan na Holan sun ƙwace burodi mai nama a ciki daga hannun direbobin da suka taso daga Ingila, domin doka ta hana shiga da nama da madara. Jikokin masu akwatin gwangwani sun ji yadda ake ji idan an taɓa guzuri.

Kafin mu yi musu dariya, mu leƙa jakar Bahaushe mai tafiya Landan. Akwai yaji, akwai daddawa da aka naɗe cikin leda uku saboda wari, akwai garin kuka da kuɓewa busasshiya, wani lokaci har da kilishi a tsakanin riguna, alhali dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga ƙasashe irin tamu shiga da nama. Alhazanmu a Makka da Madina kusan kowace shekara sai an ji kukansu kan abinci. Kewar tuwo da kewar waken gwangwani ciwo ɗaya ne, kuma ba laifi ba ne. Inda muka bambanta da Di'on 1920 shi ne mu ba mu je mulkin kowa ba, kuma babu wanda zai fara raina abincin uwarsa saboda ya ga muna cin namu.

Ita kanta Birtaniya ta sauya. A 2001 ministan harkokin wajenta, Robin Cook, ya bayyana wani girkin kaza mai asali daga Indiya a matsayin abincin ƙasa. A unguwar Peckham ta Landan ana gasa tsire kamar a Sabon Gari. A 2024 Adejoké Bakare, 'yar Najeriya da ta tashi a Kaduna, ta zama baƙar mace ta farko a Birtaniya da gidan abincinta ya samu tauraron Michelin, da girkin Afirka ta Yamma. Abin da kakanninsu suka bar wa ɗakin boyi, yanzu sai an yi rajista tun da wuri kafin a samu kujerar cinsa.

Sabbin masu rangadi

Mai karatu da ke aiki a sakatariyar tarayya zai iya cewa wannan duk tarihi ne. Ina ganin bai wuce ba. Mu ne muka gaji rangadin. Tawaga kan tashi daga Abuja da jirgin safe domin duba aiki ko taron bita a Yola, mota ta kwashe ta zuwa otal, a ci soyayyar shinkafa da kaza da rana, a sha shayi da kek a hutun taro, a koma washegari. Jerin abincin bai bambanta da na Wuse ko Garki ba. A rubuta rahoto kan samar da abinci a jihar ba tare da an taka kasuwar Jimeta ba, ba a ga lambunan tafkin Geriyo ba, ba a tambayi farashin mudun dawa ba. Kuɗin alawus ɗin tafiya ya ƙare a otal, mai kunu da mai kifi ba su ga ko sisi ba. Tsoron ma iri ɗaya ne da na Di'o, wato ruwa da taifot da ɓacin ciki, kuma shi ma yana da tushe. Sai dai Di'o yana iya cewa ƙasar ba tasa ba ce.

Ga kuma lissafin da ya fi na alawus girma. Burodin teburin mai shayi daga alkama ake yin sa, kuma mafi yawan alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake sayo ta da dala. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987, aka yi ta fama har aka janye haramcin bayan 'yan shekaru, domin noman gida bai cike giɓin ba kuma jama'a sun riga sun saba. Madarar gwangwani da ta gari ma galibi daga garin madarar ƙasashen waje ake haɗa su, a jihar da ke cikin mafi yawan shanu a ƙasar nan. Ganyen shayi kaɗai ke da ɗan uzuri, tunda ana noma shi a Kakara da ke tsaunin Mambila, wanda ke cikin jiha ɗaya da Yola har zuwa 1991 da aka raba Gongola, kuma akwai rake da masana'antar sukari a Numan. Amma ko su ba su kai su rufe buƙata ba.

Shi ya sa duk lokacin da Naira ta faɗi, teburin mai shayi ne ke fara jin jiki. Tun bayan sauye-sauyen 2023, burodi ya ƙanƙance, gwangwanin madara ya koma ƙaramar leda, wasu ma shayin suke sha baƙi. Robar kunun gyaɗa ita ma ta yi tsada, domin gyaɗa da shinkafa da sukari duk sun tashi, ga kuɗin mota, ga ambaliyar da kan cinye gonakin bakin Binuwai kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, lokacin da ruwa ya shiga unguwannin Jimeta na kusa da kogi. Amma gyaɗar da shinkafar da tsamiyar duk daga gonakin yankin suke, kuma kuɗin da aka biya yana kwana a garin.

Jiragen tururi sun daina zuwa Jimeta tuntuni, yashi ya cike hanyar, tirela ta karɓi aikin. Da misalin ƙarfe tara na safe mai kunu a Rumde ta wanke robarta ta tafi gida. Mai shayi kuwa yana nan, zai ɗan huta da rana ya sake hura wuta bayan magariba, lokacin da ya fi samun ciniki.